Makanikin da Ya Ƙi Kashe Injin Babana

Tun kafin masu shagunan layin su buɗe, shi ya riga ya share gaban rumfarsa, ya yayyafa ruwa, ya fito da daron kananzir da wani tsohon burushin goge baki. Sai ya zauna, ya jawo ƙarfen da tsatsa ta gama ci, ya fara wanke shi lungu-lungu kamar mai yi wa jariri wanka. In ka yi sallama zai amsa, ya tambayi gida da yara da dangin da kai kanka ka manta kana da su, amma hannun nan ba zai ƙara sauri ba ko gobara ce ta kawo ka. A haka rana za ta take, a haka za ta faɗi. Mutanen layin suna kiransa Bari-Mu-Ji, domin ko me ka kawo masa, ko me ka tambaye shi, amsar farko ke nan. Ni Kawu nake ce masa, saboda abokin mahaifina ne tun ban san kaina ba. A watan nan ya rufe rumfar, bayan ya yi shekarun da suka fi nawa a duniya yana cikinta, kuma na lura in ban rubuta ba babu mai rubutawa. Sai dai in faɗa tun yanzu, ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya ƙure mini haƙuri kamarsa ba, kuma har yau da sauran fushinsa a raina.

Makanikin babur ne tun asali. Da injinan da suka mutu suka taru masa a bayan rumfa, masu su sun gudu sun bar masa, maimakon ya sayar wa masu auna tsofaffin ƙarafa sai ya fara mayar da su kayan ɗaki. Gangar injin ya wanke ta tas, ya yi mata ƙafafu, ya ɗora gilashi mai kauri, ta zama teburin tsakiyar falo. Fistin ya koma gindin fitila, hannun birki ya koma maratayin riga a bango, sarƙa ta zagaye madubi. Baƙo in ya shiga gidan da ke da aikinsa sai ya tambayi daga wace ƙasa aka kawo.

Da a nan ya tsaya da tuni ya yi gini. Amma yana da wasu sharuɗɗa da suka hana shi arziki, suka hana matarsa hutun baki. Ba ya sa abin yanka a jikin inji sai ya tabbatar ya mutu. Akwai wani ƙwarangwal na babur a kafe a ƙasan rumfar, ba taya ba fitila. Duk injin da aka kawo sai ya ɗaura shi a kai, ya sa masa fulogi, ya ɗiga fetur, ya yi ta bugawa yana kasa kunne. Sannan ko da ya mutu, mai injin da kansa zai zo ya kwance notin ƙasa ya tsiyaye baƙin mai da hannunsa. Ba ya karɓar ɗan aike, ba ya karɓar ɗa ko mata, sai in mai shi ya rasu.

Telan da ke jikin rumfarsa shaida ne. Ya kai masa injin da ya daɗe a ƙarƙashin gado, yana son teburin da zai riƙa baje yadi. Bayan kwana biyu sai tela ya ji ƙara ta cika layi, hayaƙi ya turnuƙe masa ɗinkin mutane, ga Kawu yana washe baki yana yi masa albishir cewa injinsa ya tashi. Tela ya ce shi teburi ya nema, ba albishir ba. Yanzu injin yana jikin babur ɗin ƙanen matarsa yana ciyar da gida guda, tela kuwa har yau a ƙasa yake yanka. Akwai kuma wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, ta kawo nasa. Wannan kam ya mutu da gaske, ta kwance notin tana hawaye. Da aka gama teburin ko'ina yana sheƙi sai wani gefe da aka bari dusu-dusu, inda diddigen takalmin mamacin ya goge fenti tsawon shekaru. Ta tambaye shi ko mantawa ya yi, ya ce mata a'a, nan ne wurin mijinta. Ita ta ba ni labarin da bakinta, hannunta a kan wurin.

Duk wannan daɗin ji gare shi in a kan wani ya faru. Sai da ya zo kaina na san irin mutumin da ake yabo.

Mahaifina da babur ya raine mu. Fasinja ya ɗauka, buhuna ya ɗauka, har akuya, da abin da ya samu ya sa mu makaranta, ya aurar da ni, babbar 'yarsa. Sai idonsa ya fara dushewa. Likita ya ce ya sauka daga babur, Baba ya ce likitan yaro ne, bai san hanya ba. Ya faɗa kwata ya ce an matsar da kwatar ne. Ya daki baron mai kaya ya ce rana ce ta haske shi. Ranar da ya kusa bi ta kan wata yarinya 'yar makaranta, bai taka birki ba sai da ya wuce ta, Inna ta kira ni tana kuka, ta ce ita yanzu abu biyu take jira: ko a kawo mata gawarsa, ko a zo a ce ya kashe ɗan wani. Mun ɓoye makulli, ya haɗa waya. Mun cire fulogi, ya ciro wani daga aljihu. Mun sa abokansa su yi masa magana, ya daina gaishe su.

Da Baba ya shiga mota ya tafi duba wansa da ke kwance a wani gari, ni da ƙanena muka sauke injin, muka ɗora a baro, sai rumfar Kawu. Dabarar ba ta da wuya. Ƙanena ya yarda ya ɗauki laifi, za a ce shi ya hau babur ɗin injin ya buga, ba ya gyaruwa. Baba ya dawo ya tarar da teburi mai kyau a matsayin kyauta, ya yi faɗansa ya gama, kowa ya samu barci. Abin da kawai muke so daga Kawu shi ne ya gyaɗa kai in an tambaye shi.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce bari mu ji. Na ce masa ba ji muka zo yi ba. Ko a jikinsa. Ya ɗaura injin a ƙwarangwal ɗin nan a tsanake, yana goge kowane noti kafin ya ɗaure, ni ina tsaye ina cika ina batsewa. Bugu ɗaya ya yi masa ya tashi.

“Wannan ai ya fi ni lafiya,” in ji shi. “Ina mai shi?”

Na sake yi masa bayani daga farko, ido da kwata da yarinya da kukan Inna. Ya ce duk ya sani, shi ma kwanan baya Baba ya wuce shi a hanya bai gane shi ba. Na ce to alhamdu lillahi, tunda ya sani sai a yanka.

“'Yata, ba zan ce wa ubanki injinsa ya mutu ba alhali yana numfashi. Kuma ba na yanka abin mutum a bayan idonsa.”

“Kawu, ana maganar rai kana maganar ƙarfe.”

“Ni ma ransa nake magana.”

Na ce to ya ba mu kayanmu mu kai wa mai walda na gaba, wanda ba ya tambayar asalin ƙarfe. Ya ce ai ba kayanmu ba ne, wanda ya mallake shi zai ba wa. Ya jawo buhu ya rufe injin, ya koma kan daronsa. Ana ga yaƙi yana ga ƙura. Muka juyo da baro wayam, ba inji, ba teburi, ga babur a tsakar gida da cikinsa a buɗe yana jiran mai shi.

Kai ne, Kawu, ka bar ni na yi kwanaki ina ƙirƙiro ƙarya ina rusawa. Kai ne ka sa na daina bi ta layinku don kada in gaishe ka, kai kuma duk wanda ka gani daga gidanmu sai ka aiko a gaishe ni, ka tambayi jikin yara, kamar ba abin da ya faru. Wannan gaisuwar ta fi komai ƙona mini rai, kuma ina zaton ka sani.

Baba ya dawo. Ƙanena ya fara karanto ƙaryarsa, bai kai tsakiya ba ta watse, domin bakin tela ya riga ya kai labarin ƙarshen unguwa. Na ɗauka Baba zai yi ihu. Bai yi ba, da ma ya yi. Ya shafa ramin da injin yake, ya juyo inda yake jin numfashinmu, ya ce, “Ina raye kuka fara rabon gadona.” Ya ɗauki hularsa ya fita da ƙafa. Na bi bayansa daga nesa, kunya da tsoro suna cina.

A rumfa sai da suka yi gaisuwar da ta ishi mutum ya je kasuwa ya dawo. Kawu yana kiransa Direba, shi yana kiransa Makaniki, aka tambayi wan Baba da hanyar garin da ramukanta. Sannan Kawu ya yaye buhun ya tayar da injin, suka zauna suna saurare, su biyu. Da ya kashe, Baba ya ce a mayar masa da abinsa. Kawu ya ce nasa ne, in ya ce yau to yau. Sai ya ɗaga hannuwansa biyu ya kai su dab da fuskar Baba, a lokacin ni ma na fara lura suna karkarwa. Ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ya daɗe yana ɓoye wannan rawar hannun, har injin yankan ƙarfe ya taɓa kuɓuce masa ya kusa raba tela da ƙafarsa, don haka shi ya yanke shawarar rufe rumfa.

“Ba wanda ya kore ni, Direba. So nake in rufe da hannuna kafin a rufe mini.”

Bai ambaci idon Baba ba, ko da wasa. Na tsaya ina jiran ya ɗora, ya ce kai ma fa, ya ce wani abu. Baba ya ce Allah ya sawwaƙe, amma shi dai a mayar masa da injinsa. Kuma mutumin nan, da ya san komai, da bakinsa ya ce Baba ya wuce shi bai gane shi ba, ya zo gidanmu da sifanoninsa ya mayar da injin, ya ɗaure tam, ya miƙa wa Baba makulli a hannu. Inna ta shige ɗaki. Ni na tare shi a ƙofar gida, ladabin da aka koya mini duk ya gudu, na ce masa in wani abu ya sami Baba ko ɗan wani, alhakin yana wuyansa. Ya ce ya ji, kuma ya ɗauka.

Har yau ban ce abin da ya yi daidai ne ba. Wasa da rai ne, kuma da abin ya ɓaci ba jinjina zan rubuta ba. Amma ga abin da mutanen layinmu suka gani da idonsu. Washegari da safe rumfar Bari-Mu-Ji ba ta buɗe ba, abin da ba a taɓa gani ba sai ranar rasuwa. Yana zaune a dakalin ƙofar gidanmu. Baba ya turo babur waje, ya tayar, ya bar shi yana ɗumi. Kawu ya jawo wata gardama a kan ko wace hanya ce ta fi kusa zuwa tsohuwar tasha, tashar da aka rushe tun ina goye. Baba ba ya iya barin gardama a ƙasa. Suka yi ta yi har rana ta yi zafi, fetur ya ƙone a banza, Baba ya mayar da babur ciki yana cewa makaniki bai san gari ba. Gobe ma haka, jibi ma haka. Masu aiki suna zuwa rumfa suna komawa, matar Kawu tana aiko masa da saƙon da ba zan rubuta ba, shi yana dakalinmu yana musu a kan farashin taya na zamanin da. Na tambaye shi, cikin gatse, in ranar nan gardama ta ƙare Baba ya hau fa. Ya ce sai ya hau bayansa.

Ranar ta zo. Na shigo layin da safe na hango Baba a kan babur, inji yana aiki, ya ɗage jakin da ke tokare babur ɗin. Kawu ya tashi daga dakali da ƙyar, ya ɗaga ƙafa ya hau baya, ya ɗora hannuwan nan masu rawa a kafaɗun Baba, ya ce Direba ina za ka kai ni. Baba ya ce ya sauka. Kawu ya ce shi fasinja ne, ba a taɓa cewa Direba ya sauke fasinja ba. Ni ban san lokacin da na je na tsaya a tsakiyar hanya ba, a gabansu, tazarar da ko raɗa na yi za su ji. Baba ya ƙura ido, ya matsa hon, ya sake ƙurawa.

“Wace ce wannan ta tare hanya?”

“'Yarka ce,” in ji Kawu. “Babbar.”

Baba ya daɗe a haka, hannunsa a kan totur. Sannan ya kashe injin. Kawu ya sauka. Baba ya kama ƙahon babur ɗin ya fara turawa, ba gida ba, hanyar rumfa. Na kai hannu zan taya shi, Kawu ya girgiza mini kai, muka bi shi a baya har can. Baba ya ce a ba shi sifana. Ya durƙusa, ya laluba ƙasan injin da yatsu, bai nemi kowa ya nuna masa ba, ya kwance notin. Baƙin mai ya zubo cikin daro, da ɗuminsa, yana bin yatsunsa. Sai da ya tsiyaye tas ya miƙe, ya goge hannu, ya ce wa Kawu kada ya kuskura ya yi masa ƙafafu gajeru irin na teburin matar nan, shi ba ya son sunkuyo. Ni na juya baya na yi kukan da nake riƙewa tun ranar da Inna ta kira ni.

Teburin Baba shi ne aikin Kawu na ƙarshe, shi ne kaɗai inji mai rai da ya taɓa yarda a yanka, kuma ya ja shi har na fara zargin da gangan ne. Ƙanena ne ya riƙe injin yanka, mai walda na gaba ya yi ƙafafun, Kawu yana tsaye a kansu yana sa su kwance abin da suka ɗaura. Wanki da goge dai bai bar wa kowa ba. Baba kullum yana can a matsayin mai duba aiki, yana shafawa yana kushewa. Yanzu teburin yana ɗakinsa, rediyonsa a kai. Duk baƙon da ya shigo sai ya kama hannunsa ya ɗora a kan ƙarfen, ya gaya masa cewa injin nan ƙalau yake, bugu ɗaya yake tashi, shi ne ya ga dama ya ajiye.

Kai ne, Kawu, mai taurin kan da ya fi na ƙarfen da kake wankewa. Kai ne ka ƙi yi mana ƙaryar da za ta sauƙaƙa wa kowa, ka bar rumfarka a rufe, ka ɗora ranka a bayan makaho don kada a ƙwace masa abin da ya kamata ya ajiye da kansa. Mu babur muke so mu raba shi da shi, ko da zai tafi kabari yana jin 'ya'yansa sun yi masa fashi. Kai ka san hakan ma wata mutuwar ce. Na gode. Ban janye maganar da na gaya maka a ƙofar gida ba, amma na gode, kuma Allah ya ba hannuwan nan sauƙi, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma masu karatu, kusan kowane gida akwai tsohon da ya kamata ya ajiye wani abu, mota ce, keken ɗinki ne, makullin shago ne. Na san hanyar da ta fi sauri, na bi ta, na ga inda ta kai ni. In kuna da irin zuciyar mutumin nan, ku nemi dakali ku zauna, ku jure gardamar, ku tsare hanyar, ku bar mai abu ya kwance notinsa. Masu sana'a kuma, in an kawo muku kayan wani a bayan idonsa, ku tambayi mai shi ko da cinikin zai tafi.

Makon jiya sauran ganin da ya rage wa Baba ya tafi. Mutumin da tun da nake bai taɓa cewa wani ya riƙe masa ko hula ba, ya kira ni da safe ya ce yana son ya je ya gaida Makaniki a gida, ya miƙo mini hannunsa da kansa. Muka fita, yana dafe da kafaɗata. Ba mu kai ƙarshen layi ba na sa shi a wani ɗan rami, ya yi tuntuɓe, ya ƙara riƙe ni.

“Ke fa ba ki iya tuƙi ba,” ya ce. “Rage gudu, kin ɗauko fasinja.”